Ranar da Na Kira Sunan Lawali

Ga waɗanda suke wurin ran nan, don kada wani ya ƙara muku wanda ba ya nan ko ya rage wanda yake nan. Akwai Maigari Jatau da sandarsa. Akwai Mushe Alasan, malamin lakol, wato makarantar boko, don Mushe ake ce wa malamanta da harshen Annasara, Bagobiri daga wajen Tibiri, mai tsage har kunne. Akwai babanku, Allah ya jiƙansa, tsaye bayan kowa kamar wanda aka jawo da igiya. Akwai uwarsa, surukata, wadda kuka taso kuna ji ana ce wa Inna Tsohuwa. Akwai Hajo matar maƙeri, wadda danga ɗaya ta raba gidanmu da nasu. Sai ni. Akwai kuma wasu uku da suke wurin amma ido bai gan su ba, zan zo kansu. Manyan duk sun riga mu gidan gaskiya, ni kaɗai na rage. Na ji yadda ake ba ku labarin, wai uwarku ta tara wa surukarta gari ta tozarta ta. Ban yi lakol ba, ban iya riƙe alƙalami ba, shi ya sa na sa ake rubuta wannan daga bakina. Na kuma ce duk abin da aka rubuta a karanta mini in ji, kada a gyara mini magana.

Shekarar da aka ce Annasara sun miƙa mulki ce. Mu a ƙauyenmu, can bayan Cadawa, ba mu ga abin da ya sake ba sai tuta a ƙofar maigari, sai kuma wata rumfar zana da aka kafa yamma da rijiya bayan an gama girbin hatsi. Aka rataya wani tsohon ƙarfen mota a jikin gawo, aka ce shi za a riƙa bugawa yara su taru. Ranar ɗaukar yara, Mushe Alasan ya jera su a ƙofar maigari, kowane ya ɗora hannunsa ta bisa kai ya taɓo kunnen ɗaya gefen. Wanda hannunsa ya kai, ya isa lakol. Wanda bai kai ba a ce baɗi. Wanda kuma ya zarce da yawa a ce ya wuce, ya tafi gona. Yayanku Lawali ya ɗora hannu, ya kamo kunne daidai. Ina can nesa da tulu a kaina, na gani, na kau da kai kamar ban gani ba.

Dole in bayyana muku wannan kau da kai, don ku ƴan yanzu kuna rungume ɗan fari a gaban mutane kuna sumbatarsa. A zamaninmu mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa, ba ta tambayarsa ko ya ci, ba ta shiga maganarsa a gaban kowa. Ranar da aka yaye Lawali, Inna ta zo ta ɗauke shi, ɗakinta ya koma, tabarmarta yake kwana, hurarta yake sha. Ita ke ce masa “angona”, shi kuma ya ce mata “tsohuwa mai ran ƙarfe”, su yi ta faɗansu na kaka da jika. Ni “Yaya” yake ce mini, kamar yadda yaran gidan suke faɗi. In zan ambace shi sai in ce “wancan”, ko “yaron Inna”. In ya faɗi a gabana ya fashe gwiwa, sai in ci gaba da dakana har wata ta zo ta ɗaga shi. Haka uwata ta yi da babban wana, haka na tarar, ban kuma taɓa jin nauyin abin ba. Amma bakina aka ɗaure, idona ba wanda ya ɗaure shi. Ko da rana ɗaya ban taɓa rasa sanin inda yaron nan yake ba, sai a wannan shekara.

Kada ku ɗauka son lakol ne ya cika mini ciki. Ban san abin da ake yi a cikinta ba, ban kuma yarda da ita ba. Abu ɗaya nake riƙe da shi. Ina yarinya a Gangara aka kira babana gaban kumandan, Baturen da ke mulkin yankinmu. Na bi shi a ɓoye, na tsaya bayan wata bishiya. Kumandan ya yi magana, tafinta ya yi magana, suka yi ta yi da harshensu a bisa kan babana, shi yana tsaye da hula a hannu yana gyaɗa kai yana murmushi. Ashe aikin hanya ake yanke masa. Ya gyaɗa kai ga abin da bai ji ba. Ya dawo da tari a ƙirji, tarin da ya zama ajalinsa. Tun ran nan na ce in Allah ya ba ni ɗa, in ana magana a kansa, zai ji abin da ake cewa. Iyakar abin da nake so daga lakol ke nan.

Kullum da safe, in aka buga ƙarfe, Lawali yakan fita da ɗan baƙin allonsa a hammata. In rana ta take aka sake bugawa, sai ga shi ya shigo, hannuwansa fari fat da alli. Na kwantar da hankalina. Sai wata la'asar muna masussuka, mu matan unguwa, ga Mushe Alasan ya nufo mu da gajeren wandonsa. Ya yi sallama, ya tsaya nesa kaɗan.

“Wace ce uwar Lawali a cikinku?”

Mata suka fashe da dariya. Na sunkuyar da kai na ci gaba da aikina.

“Mushe,” in ji Hajo, “a Gobir ɗinku haka ake tambaya? Ɗan fari ne fa. Ga ta nan, amma ba ta san shi ba, ba ta taɓa jin labarinsa ba.”

“To a hwaɗa ma wadda ba ta san shi ba,” ya ce, “tun makon farko ban ƙara ganin yaron ga ba. Shi da Ladi ɗiyarki, da Sa'idu ɗan wanzami. Manyana na Tasawa suna tahe su duba lakol. Yaron da ba su iske ba an cire shi ke nan. Baɗi kuwa hannunshi ya wuce kunne, ba mai ɗaukar shi.”

“Ladi kullum tana hita,” in ji Hajo. “Ka dai duba da kyau, ƙila ta yi maka ƙanƙanta.”

Ya juya ya tafi. Mata suka ci gaba da dariyar gajeren wandonsa. Ni kuwa taɓaryar ta yi mini nauyi a hannu.

Mushe na fara zargi. Baƙo ne, ba mata, ba dangi a garin, wa ya san abin da yake sa yara? Na ce ƙila yana tura su yi masa itace ko ciyawar akuyarsa, ya zo ya rufe da cewa ba su zuwa. Washegari na bar hanyar rijiya da na saba, na zagaya ta bayan rumfar, na tsaya kamar ina gyara gammo, na sa ido a tsagar zana. Yara suna zaune a ƙasa suna maimaita abin da yake faɗi da ƙarfi. Na bi kawunansu ɗaya bayan ɗaya. Na san ƙeyar yaron nan ko a cikin kasuwar Cadawa. Ba ya nan. Na zagaya dajin bayan rumfa, na duba gindin kalgo, na duba inda yara ke harbin tsuntsu. Ba kowa. Da rana ta take aka buga ƙarfe, na dawo gida, na tarar da shi zaune a ƙofar ɗakin Inna da alli har gwiwar hannu.

Sai na koma kan babanku. Lokacin cirar gyaɗa ne, kowane namiji yana neman ƙarin hannu. Da na kai masa tuwo bayan magariba na durƙusa, ban tashi ba.

“Maigida, Mushe ya ce wancan ba ya zuwa.”

“Wane wancan?”

“Ka san wanda nake nuhi. Ko kai ke tahiya da shi gona?”

“Kin gan shi da ni?”

“Ban gan shi da kowa ba, abin da ya dame ni ke nan.”

“Mairi, yaron Inna ne. Ki bar maganar da ba taki ba.”

Ya faɗi haka yana kallon cikin akushi. Babanku mutum ne mai kallon mutum cikin ido ko da faɗa yake yi. Na tashi na san bai kai shi gona ba, na kuma san ya san wani abu.

Daga nan na daina tambaya, na koma kallo. Hajo na fara lura da ita. Matar da in kazarta ta yi yammaci ba ta shigo ba sai duk unguwa ta ji, ga shi an ce ɗiyarta ba a san inda take wuni ba, amma tana daka tana waƙa. Na lura da allin: sauran ƴan lakol a kan yatsu kawai yake taɓa su, namu har goshi, kamar wanda aka shafa wa da gangan. Na lura da allon: zanen da ke kansa jiya shi ne yau, shi ne shekaranjiya, ba a goge ba, ba a ƙara ba. Da yamma yaron yana ta susar wuya da baya har fatar ta yi ja, ga ƙaiƙayi cikin gashinsa, ga yanar gizo a kafaɗar rigarsa. A rumfar lakol ba hatsi, ina ya samo ƙaiƙayi? Bafulatanar da ke kawo mana nono ta ce mini tsohuwarmu ta ƙara ciki, abin da take karɓa yanzu ya isa mutum uku. Sai na ƙarshe. Inna ta daɗe tana kaɗinta a inuwar ƙofar ɗakinta, amma tun da aka buɗe lakol ta kwashe mazarinta da audugarta ta koma bayan gida, gindin rumbun marigayi mijinta, inda ba wata inuwar kirki. Tsohuwa mai ciwon ido ta bar inuwa ta koma rana.

Wata safiya na ɗauki igiya na zagaya bayan gida kamar zan ɗauro kara. Tana zaune ta jingina da ƙafar rumbun, tsani yana kwance kusa da ita. Na gaishe ta, ta amsa a gajarce. Ina sunkuye ina tattara kara sai na ji atishawa, ƴar ƙarama, daga sama, daga cikin rumbun. Nan take Inna ta kama tari, tari mai ƙarfi, har tana bugun ƙirji.

“Sannu, Inna,” na ce.

“Audugar ga ce,” ta ce. “Kin gama? Ki tahi, kina tare mini iska.”

Rumbun nan ba abin wasa ba ne. A gidanmu, kamar kowane gida a lokacin, matar da aka auro ba ta leƙa rumbun gandu, an ce in ta leƙa albarkar hatsin ta tashi. Wannan kuwa ya fi haka, don marigayin ne ya yi shi da hannunsa, kuma tun rasuwarsa ba mai ɗaga hular jinkar da ta rufe shi sai Inna ko babanku. Ko da babu komai ciki sai tsohon ƙaiƙayi, ni ba ni da ikon taɓa tsaninsa.

Ku ji wannan da kyau, don shi ne abin da masu ba ku labari suke tsallakewa. Ban fara da gari ba. Ita na fara samu, mu biyu, a ɗakinta, bayan la'asar. Na cire takalmi, na durƙusa bakin ƙofa, ban ɗaga kai ba.

“Inna, na zo roƙo ne. Yaronki, a bar shi ya tahi lakol.”

“Ba ya zuwa ne?”

“Inna, rumbu ba ya atishawa.”

Sai ta ajiye mazari.

“Ɗiyar Gangara, kin san yadda aka yi kika samu miji? Cikin rumbun ga na sa shi. Ranar da gardi, dogaran kumandan, suka shigo garin ga ɗaukar yara, shi na samu na jefa ciki na ruhe. Wansa Habu yana wajen awaki, ban kai gare shi ba. Suka ɗora shi bayan doki. Suka ce lakol ce, nan Maraɗi, zai riƙa zuwa hutu. Ya zo sau nawa? Daga Maraɗi aka ce Damagaram. Daga Damagaram aka ce an sa masa kayan soja an ƙetare ruwa da shi. Ba gawa, ba kabari, ba wanda ya zo ya ce mini ya mutu in yi kuka in huta. Wanda na ɓoye ga shi nan yana cin tuwonki. Wanda ya yi lakol, ina yake?”

“Inna, an ce Annasara sun tahi. Wannan lakol ɗin a bakin rijiyarmu take.”

“Waccan ma a bakin wata rijiya ta fara. Baƙin allon dai shi ne, harshen shi ne. Tuta suka sake. Ke kuma tun yaushe kika samu baki a kan yaron ga? Tashi ki ba ni wuri.”

Na tashi. Ban ga laifin zafinta ba, har yau ban gani ba. Amma na ga yaro yana koyon shafa alli a goshi yana shigowa gida da fuskar mai gaskiya, tun haƙoransa na gaba ba su gama fitowa ba. Na sake samun babanku na gaya masa na sani. Ya ce shi ba zai hau tsanin nan ya zare jikan uwarsa daga inda ta zare shi ba, ko da Tasawa duka za ta zo. Na leƙa ta danga na yi wa Hajo magana, ta rantse mini da kan ɗiyarta ba ta san komai ba, alhali da idona na ga ta miƙa wa Inna ƙwaryar gari da sassafe. Gida da maƙwabta duk bakinsu ɗaya. Ni kaɗai ce a waje, ni kuma ce al'ada ta ce in yi shiru.

Ana haka labari ya zo cewa mutanen Tasawa sun iso Cadawa, gobe ko jibi suna garinmu. Mushe ya je ya sami maigari, maigari ya ɗauki sandarsa suka shiga bin gidaje da hantsi. Ba ni na kira su ba. Ina tsakar gida ina wanke-wanke suka yi sallama, babanku ya shigo da su. Aka ce ina tsohuwa, aka ce tana baya, suka zagaya su gaishe ta. Hajo ta tsallako ta ɓarakar danga ta bi su. Ni ma na bi, hannuna da ruwa, na tsaya can gefe.

“Inna, ina angon naki?” in ji maigari bayan gaisuwa.

“Ya hita tun da aka buga ƙarhe. Ku tambayi mai ƙarhen.”

“Hajo, Ladi fa?”

“Tare suka hita, ranka ya daɗe.”

Maigari ya dubi babanku, babanku ya dubi ƙasa. Ni bai dube ni ba, don ya san ba a tambayar uwa ɗan fari. Mushe Alasan kuwa idonsa yana kan tsanin da ke kwance, daga nan ya koma kan hular rumbun da ta ɗan karkace.

“Maigari, a ba ni izini in duba nan?”

“A'a, Mushe. Rumbun mamaci ne. Ni kaina ba ni taɓa shi. Sai mai gidan in ya ga dama.”

Mai gidan bai motsa ba. Maigari ya gane, na ga ya gane, don ya daɗe yana kallon Inna. Amma tare suka yi ƙuruciya da Habu. Ya gyara riƙon sandarsa ya ce to, a ci gaba da nema, ya juya. Mushe ya juya. Hajo ta saki numfashi. Na ga bayansu, na san in suka fita ƙofar nan an gama, yaron zai girma ya tsaya gaban wani buro, ofishin hukuma, da hula a hannu yana gyaɗa kai. Rumbun ba ni da ikon taɓawa, ban kuma taɓa shi ba. Na matsa na tsaya a gabansa, na ɗaga kai.

“Lawali!”

Sunan ya fito mini kamar ba da harshena ba. Ban taɓa jin sa a bakina ba, ko a ɗaki ni kaɗai. Kowa ya tsaya cik. Hajo ta dafe ƙirji.

“Wayyo Allah, ta faɗi! Mairi, kin haukace?”

Daga sama shiru. Inna ta koya musu duk wanda ya kira kada su amsa, ko maigari, ko Mushe, ko ubansu. Ni ba ta sa ni a cikin waɗanda za su kira ba. Na sake kira, a hankali wannan karon.

“Lawali. Ni ce.”

“Na'am,” in ji wata ƴar murya daga cikin rumbun.

“Hito.”

Hular ta motsa. Babanku ne ya je ya tada tsanin, ba wanda ya ce masa. Lawali ya fara saukowa, sai Ladi, sai Sa'idu ɗan wanzami da ƙwaryar hura a rungume. Duk sun yi furu-furu da ƙaiƙayi, idanunsu ja saboda zafin ciki. Lawali bai dubi maigari ba, bai dubi Mushe ba. Ni yake kallo, baki buɗe, kamar bango ne ya yi masa magana.

Mushe ya buɗe baki zai yi faɗa, maigari ya ɗaga masa hannu. Ya tsuguna gaban Inna, da girmansa, ya ce mata lakol ɗin nan a ƙasarsa take, ba yaron da za a ɗora bisa doki ko mota yana raye. Sannan ya miƙe ya ce daga gobe kowane gida babban mutum ne zai kamo hannun yaro ya sa a hannun Mushe, ba a ƙara sakin yaro daga ƙofar gida a ce ya tafi. Inna ta kau da kai daga gare shi. Ni ta kalla.

“A gaban maza,” ta ce. “A gaban baƙo. Uwarki ba ta koya miki kunya ba.”

“Ta koya mini, Inna.”

Iyakar abin da na ce mata ke nan. Wanda ya ce muku na zage ta, ƙarya yake yi.

Kafin magariba ta fito daga ɗakinta da ƴar tabarmar yaron a naɗe, da rigarsa ɗaya, da ludayin da yake shan hura da shi. Ta ajiye su a ƙofar ɗakina.

“Tunda kin san sunansa, ki riƙe shi.”

Daga ranar ba ta ƙara cin tuwona ba. Ta kafa murhunta daban, ta riƙa girka ɗan abin da za ta ci da ciwon idonta, har ta koma ga Allah. Kullum ina kai mata, kullum akushin yana dawowa yadda ya je. Mata suka sa mini suna marar kunya, in na iso rijiya sai hira ta tsaya. Hajo ta toshe ɓarakar danga da ƙaya. Labari ya kai Gangara, uwata ta aiko a gaya mini na zubar mata da mutunci, ta daɗe ba ta taka gidana ba. Babanku bai yi mini faɗa ba, bai kuma yi mini godiya ba, har ya mutu ba mu ƙara tada maganar ba. Wannan duk na ɗauka, in da za a maimaita ranar haka zan sake yi.

Yaron ya kwana yana kukan kakarsa. Da asuba na tashe shi, na ɗora ruwa, na wanke masa ƙaiƙayin nan da hannuna, na goge tsohon zanen da ke kan allon da gefen zanena. Bai san yadda zai tsaya a gabana ba, ni ma ban san yadda ake riƙe shi ba, sai na kama shi a wuyan hannu kamar yadda ake kama ɗan akuya. Muka tsaya ƙofar Inna. Na durƙusa na gaishe ta, ba ta amsa ba. Na san idonta biyu, ina jin motsin tasbaharta.

“Inna, zan kai shi. Ba zan baro shi can ba. Zan zauna har a tashe su, in kawo miki shi nan ƙofarki ki gan shi da idonki.”

Na sa yaron ya gaishe ta, shi ta amsa masa.

Na ɗora ƙwaryar gyaɗa a kai, na ɗauki taɓarya a ɗaya hannun. Na tsaya ƙofar maƙeri na kira Ladi da ƙarfi har sai da aka turo ta. Na tsaya ƙofar wanzami na kira Sa'idu. Na tasa su gaba muka bi ta tsakiyar gari, ba ta bayan gidaje ba, mata suna leƙe ta bisa danga. A bakin rumfa na sa hannun kowannensu a hannun Mushe Alasan, na Lawali a ƙarshe.

“An gode, uwar Lawali,” ya ce. “Kina iya tahiya gida, sun shigo hannuna.”

“Na gani,” na ce.

Na je gindin gawon na zauna inda nake ganin ƙofar rumfa, nake kuma ganin hanyar da motar Tasawa za ta ɓullo. Na jawo ƙwarya na fara ɓarar gyaɗa. Taɓaryar kuwa na ajiye ta kusa da ƙafata, inda hannuna zai kai in wani ya ce zai ɗora yaro a mota.